Silif na Huɗu da Masabar Baba

Tun kuna ƙanana Goggonku Ladi take ba ku labarin wai Kakanku da gangan ya fasa mini injin mota, saboda ƙin da yake yi wa tuƙi. Ta faɗa a gidan suna, ta faɗa a gidan biki, har na ji wasunku sun fara faɗa wa nasu 'ya'yan. Na yi shiru shekara da shekaru don yayata ce, kuma bakinta ya fi nawa kaifi. To yanzu na tsufa, kunnena ya yi nauyi, ko ta yi faɗa ba ji zan yi ba. Saboda haka ku natsu ku ji yadda abin ya faru a Kademi, a shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama.

Mu maƙera ne tun kaka da kakanni. Baba, Allah Ya jiƙansa, gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannunsa duk tabon wuta, kuma ba ya son dogon zance. Fartanya da lauje da gatarin da ke Kademi da ƙauyukan kewaye, da wuya ka sami wanda bai bi ta kan uwar maƙerarsa ba. Ni kaɗai ne ɗansa namiji da ya rayu, ya sa ni zuga tun ban san dama da hagu ba, yana jiran ranar da zai miƙa mini masaba ya huta. Sai ga shi Allah Ya jarrabe ni da son mota. Na sulale na tafi Kano, na yi karen mota, na koyi tuƙi, na zauna a gareji har na iya kwance inji na ɗaure. Bayan shekaru na dawo gida da wata tsohuwar jif da na saya a gwanjon gwamnati, irin mai ja da ƙafa huɗu, wadda yashi ba ya tsayar da ita, taɓo ba ya tsayar da ita. Na shigo gari ina danna ham, yara na bin mu da gudu, ina tsammanin tsoho zai yi murna. Ya fito daga maƙera, ya dube ta sau ɗaya.

"A ina za ka ɗaure ta?" ya ce. "Kada ta tare mini ƙofa."

Shi ke nan fa. Bai zage ni ba, bai kuma sa albarka ba. Muna cin tuwo a kwano ɗaya, in gaishe shi ya amsa, amma bai taɓa tambayata yaya hanya ba. Ranar kasuwar Gaya zai ɗora fartanyu a jakinsa ya kama hanya, in riske shi in taka birki in buɗe masa ƙofa, sai ya ɗaga mini hannu kawai, wai in wuce. Fasinjoji na kallo. Wallahi abin nan yana ci mini rai, ba zan ɓoye muku ba. Ina da uwarku, ina da abin rufin asiri, amma abin da nake nema a duniya shi ne tsohon nan ya dubi aikina ya yarda aiki ne.

Jif kuwa tana ta fama. Da damina, in manyan motoci sun yi cirko-cirko a bakin kwalta, ni nake ratsawa Ajingi da Toranke da marasa lafiya da 'yan kasuwa. Da kaka kuma masu awon gyaɗa suke ɗaukata, in riƙa kai su ƙauye-ƙauye da sikelinsu da buhunansu, kuma wannan aikin shi ne cin shekarata. To yashin hanyar Ajingi ba ya barin inji lafiya. A ƙarshen daminar nan motar ta fara tari, tana fitar da shuɗin hayaƙi, tana shan baƙin mai kamar mai jin ƙishirwa, ɗan tudu kaɗan sai ta yi ta nishi. Na sauke injin a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida na buɗe shi. Ku da ba ku taɓa leƙa cikin inji ba, ga yadda yake: a jikin bulok, wato gangar jikin injin, akwai ramuka huɗu da fistan ke hawa da sauka a ciki. A nawa injin kowane rami an zura masa wani bututun ƙarfe, shi ake kira silif. Shi yake shan guga, don in ya cinye a zare shi a sa sabo, ba sai an yar da bulok ɗin ba. Nawa duka huɗun sun cinye, har farce yana maƙalewa a gaɓar da ta fito a bakinsu. Na zare su da dogon bol da noti da wani faifan ƙarfe, na ɗauki ɗaya a buhu na tafi Kano.

A Sabon Gari akwai wani Ibo mai sayar da kayan mota, wanda ya dawo bayan yaƙi ya sake buɗe shagonsa. Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya jera mini silif iri-iri a kan kanta. Akwai wani siriri mai sheƙi, an shafa wa cikinsa wani farin ƙarfe mai tauri. Ya ce wannan yana daɗewa, amma in bai sami irin ringinsa ba, wato zoben da ke kewaye da fistan, sai ya cinye ringi kamar gara. Akwai wanda masu injin fiƙa suke yankowa daga bututun ruwa, wanda ya ce in ina son in dawo wata mai zuwa in saya. Sannan ya ɗauko wani mai launin toka, mai nauyi, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ƙararsa ba ta yi nisa ba.

"Wannan ƙarfen zubi ne," ya ce. "Narka shi aka yi aka zuba. Yana riƙe mai a jikinsa, shi da ringi suna zaman lafiya, zafi ba ya damunsa. Amma ka ji ni da kyau, Malam Garba: ba ya lanƙwasa. In ka buge shi, fashewa zai yi. Kuma huɗun nan su kaɗai suka rage mini."

Na kwashe su. Sabon silif ya ɗan fi raminsa kauri, da abin da bai kai gashin kai ba, don haka ba ya shiga ta daɗin rai. A Kano akwai injin da ke danna shi. In babu inji kuwa, maigidana na gareji ya koya mini dabara: a gasa bulok ya buɗe, a sanyaya silif ya tsuke, sai ya zame ya shige da kansa, in zafinsu ya daidaita su kama juna har abada. Na yi niyyar in hura wuta a tsakar gida in ɗora bulok a kai. Ina cikin tara kara da itace sai Inna ta fito daga madafa ta tsaya tana kallona, ta riƙe haɓa.

"Yanzu kai wuta kake nema, ga mai wuta a gida?"

Na ce, "Inna, ai kin san ba zai zo ba."

Ta gyara mayafi ta nufi maƙera, ina jin muryarta daga inda nake.

"Malam, yaron nan fa zai ƙone mana rumbu. Ya tara kara wai zai gasa ƙarfe. Ni dai na faɗa maka, babu ruwana."

Masaba ta yi shiru. Can sai ga Baba yana tahowa yana goge hannu a warkinsa. Ya dubi tarin karan nan, ya dube ni, kamar ya ga wanda ya yi sallah babu alwala.

"Wa ya koya maka gasa ƙarfe da kara? Gefe guda ya yi zafi, gefe guda ya yi sanyi, ya murɗe maka? Me kake so a yi masa?"

Na yi masa bayani. Ba ja ake so ya yi ba, zafi ne daidai, ko'ina ɗaya. Na nuna masa silif, na kuma faɗa masa abin da Ibon nan ya ce, ba a dukansa. Ya juya shi a hannu, ya shinshina, ya ce ya ji. Sannan ya ce a kinkimo masa bulok ɗin zuwa maƙera. 'Ya'yana, ranar nan ko tuwo ban iya ci sosai ba don murna.

Washegari na bi motar farko zuwa Kano na sayo ƙanƙara, manyan guda biyu, aka binne mini su a garin katako cikin buhu, na dawo kafin azahar. Na jera silif huɗun a babban daro a zaure, na farfasa ƙanƙara na cika musu ciki da waje, na rufe da bargo. Sai na yi neman wanda zai tsare mini, ga Yaya Ladi ta zo ganin Inna, na ce ta zauna a wurin kada awaki su taɓa. A nan ne nake so ku buɗe kunne. Mutanen Kademi sun san ƙanƙarar da ke faɗowa da ruwan sama, amma ba su taɓa ganin wadda ta kai tubali ba, ga kuma zafin ƙarshen damina. Goggonku ta ɗaga bargo ta ɗanɗana. Ta kira maƙwabciya ta ɗanɗana. Kafin wani lokaci zaurenmu ya cika da mata da ƙore, wannan a jefa mata a fura, waccan ɗanta na zazzaɓi a ɗan ba ta ta shafa masa. Goggonku kuwa hannunta a sake yake tun tana yarinya, Allah Ya ba ta lada. Ku tambaye ta wannan, ku ga ko za ta tuna.

Ni ina maƙera ban san wainar da ake toyawa ba. Baba ya ɗora bulok a kan duwatsu uku, ya kewaye shi da garwashin gawayin ƙirya, bai bar ko ɗaya ya taɓa jikinsa ba, ya kifa rabin ganga a kai. Yana zuga a hankali, yana ɗaga gangar yana kai bayan hannunsa kusa da kowace kusurwa, yana matsar da garwashi ɗaya-ɗaya da awartaki. Ban taɓa ganin aiki mai kyau kamar wannan ba. Mutane suka taru a bakin maƙera, har da liman da mai unguwa. Wajen la'asar ya ɗiga ruwa a kan bulok, ɗigon ya yi rawa ya ɓace, ya ce in kawo.

Na sheƙa zaure na ɗauko na farko da tsumma, na saita shi a bakin rami, na sake shi. Sulul, ya shige har ƙasa ya zauna. Mutane suka ɗauki salati. Baba ya ɗaga gira, ya matso. Na biyu haka, na uku haka. Na ga gefen bakinsa ya motsa, wanda a wurin Baba wannan dariya ce. Da na koma ɗauko na huɗu sai na tarar da shi kwance cikin ruwa tsamo-tsamo, babu ƙanƙara ko ta magani, Goggonku ta kawar da kai tana gyara ɗankwali. Bulok yana hucewa, ba lokacin faɗa ba ne. Na kawo shi haka na sake shi a rami. Ya tafi, ya tafi, saura kamar faɗin yatsa biyu ya cije.

Abin yi a nan shi ne a ɗora katako a kai, a zura dogon bol, a ja shi a hankali. Na juya ke nan in ɗauko katakon. Shi kuwa Baba, tun yana yaro abin da ya sani shi ne ƙarfe mai zafi ba ya jira, in ya ƙi tafiya a taimaka masa kafin ya huce. Kunnensa ya ji abin da na faɗa jiya, hannunsa ne bai ji ba. Ina juyowa na ga masaba ta sauko. Ba ma da ƙarfi ba ne, ɗan taɓi ne irin wanda yake yi wa bakin lauje. Sai ji muka yi ƙas! Bakin silif ya ɓalle, tsaga ta bi jikinsa har ciki.

Baba ya tsaya da masaba a hannu yana kallon ɓallen nan a ƙasa. Na ga fuskar da ban taɓa gani ba, kuma ba na fatan ku ga irinta a fuskar mahaifinku. Mutum ne da ƙarfe bai taɓa ba shi kunya ba, yau ga shi a gaban liman da mai unguwa da matan gari. Ya sunkuya ya tsince ɓallen, ya shige ɗakinsa. Wanda ya yi abu da gangan ba ya yin irin wannan tafiyar.

Gari ya waye, ba a ji masaba ba. Wata safiyar ma haka. Mutane na kawo lauje gyara, ga kaka ta ƙarato, Inna na cewa Malam ba ya jin daɗi. Ni kuma na koma Sabon Gari. Ibon ya ce babu irinsa a Kano, sai ya aika Legas, kuma ba zai iya ce mini ga ranar zuwansa ba. Amma ya ba ni shawara: in kawo bulok ɗin, a sa wa ramin nan siririn silif mai sheƙi da irin ringinsa, a danna da inji, cikin kwana biyu in hau hanya. Ba zai yi kyau kamar huɗu iri ɗaya ba, amma zai kai ni ƙarshen kaka. Masu awon gyaɗa kuwa sun riga sun aiko, sun ce in ban shirya ba akwai wani direba a Ajingi da ya sayi jif.

Na dawo na sami Inna tana tankaɗe, na faɗa mata zan ɗauki bulok in kai Kano. Ba ta ɗago ba.

"Motarka ce," ta ce. "Amma tun ranar nan, kullum in kowa ya tafi gona sai ya je ya tsuguna a gabansa. Da wani ɗan tsinken tagulla yake ciro fasasshen, kaɗan-kaɗan, wai kada ya ƙarce maka bangon. In ya je gobe ya tarar an ɗauke, to ka faɗa masa abin da kake son faɗa masa ke nan."

Na je maƙera na duba. Ramin na huɗu fes, babu ko ƙwarzane, an shafe shi da man gyaɗa an toshe da tsumma mai tsabta. Na daɗe a tsugune a wurin. Daga nan na aika wa masu awo su nemi wani. Uwarku ta yi kuka, kuma tana da gaskiya, don da cikin Hadiza take, ga ɗakinmu na yoyo, kwanon rufin da na yi mata alkawari ya tafi. Direban Ajingi ya karɓi hanyar, mutumin kirki ne, bai kuma sake ta ba har aka daina awon gyaɗa. Shekarar nan da ƙyar muka ga ƙarshenta. In kun taɓa mamakin abin da ya sa sa'o'ina suka yi manyan motoci ni na ƙare da ɗaya, to daga nan ne, kuma ko yau aka dawo da ni haka zan yi.

Ana cikin jiran nan, wata rana da hantsi ina zaune a gindin darbejiya ina wanke fistan da kananzir, sai na ga inuwa a kaina. Baba ne. Ya tsuguna, abin da bai taɓa yi a wurin aikina ba, ya buɗe hannu, ga ɓallen silif.

"Na sa shi a wuta," ya ce. "Ya yi ja na taɓa shi, ya marmashe. Dubi cikinsa, tsaki-tsaki ne, ba shi da jijiya. Namu ƙarfen duka ne yake gyara shi. Wannan tun da aka haife shi ba a taɓa dukansa ba." Ya juya shi a hannu. "To me ya sa ake sa shi, tunda ba shi da haƙuri?"

Na faɗa masa yadda yake riƙe mai, yadda ba ya cin ringi, yadda yake jure zafi. Ya ce in nuna masa ringin. Ya ce fistan fa, da wane ƙarfe aka yi shi da ba shi da nauyi haka? Muna nan har aka kira azahar. Da yamma Kademi ta ji masaba.

Silif ya iso bayan an gama ɗaure dawa. Na sake sayo ƙanƙara, wannan karon Inna ce ta zauna a kan bargon da kanta, da muciya a hannu, Goggonku na can nesa tana cewa ita dama ba ta ga abin daɗi a ciki ba. Mutane suka taru fiye da na farko, wasu don su ga aiki, wasu don su ga ko za a sake. Baba ya haɗa wutarsa kamar wancan karon. Kafin ya ce in kawo, sai ya ɗauki masaba ya fita da ita, ya miƙa wa Inna a zaure.

"Kai mini ɗaka," ya ce. "Ki rufe ƙofa."

Na kawo silif, sanyinsa har cikin ƙashi, na saita na sake shi. Ya tafi sulul, sai kuma ya tsaya, saura ɗan kaɗan, bai kai faɗin yatsa ba. Duk wanda ke wurin Baba ya kalla. Na ga hannunsa na dama ya zabura ya lalubi gefen uwar maƙera, ya kama iska. Ya dubi hannun, ya mayar da shi baya ya riƙe da ɗayan.

"To, Garba," ya ce, "yanzu sai yaya?"

Na ɗora katako, na zura bol, na ɗaura noti, na miƙa masa sifana. Na ce ya juya kaɗan ya tsaya, ya saurara, ya sake juyawa. Na ɗora hannuna a kan nasa don ya ji iyakar ƙarfin da ake so. Silif ya fara sauka, a hankali, a hankali. 'Yan kallo suka kaure da surutu, wani na cewa a ƙara ƙarfi, wani na cewa a zuba mai, mai unguwa na ba da tasa shawarar. Baba bai ɗago kai ba.

"Ku yi mana shiru," ya ce. "Ba ku ga ana koya mini aiki ba?"